Kunun Ayar Bakin Get: Nazarin Yadda Wata Kwaleji a Legas Ta Yi da 'Yan Jarida a Kwanakin Kwalara

Da misalin ƙarfe 11 na safiyar wata Talata wayata ta yi ƙara. Ina tsaye a ɗakin shan magani na kwalejinmu, hannuna na hagu a sama riƙe da ledar ƙarin ruwa, domin ƙarafunan ratayewa 3 da muke da su duk suna kan aiki, ga yarinya ta huɗu kwance a benci. Ban san lambar ba. Na ɗauka ne ina zaton mahaifin wata ɗaliba ne, ashe 'yar jarida ce daga wata kafar labarai ta intanet. Minti 4 muka yi muna magana, kuma a cikinsu na furta wata jumla da har gobe take dawo mini duk lokacin da na bi ta bakin get ɗinmu.

Ni mataimakin magatakarda ne a wata kwaleji mai zaman kanta da ke ba da difloma, ba nisa da Agege. Na sakaya sunanta da sunan kowa, har da kafar da ta buga labarin, domin darasin ake nema. A Agege aka haife ni, iyayena Katsinawa ne. Ɗalibanmu akwai Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu, amma muna da 'ya'yan Hausawa da yawa, daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, da kuma waɗanda iyayensu ke Arewa suka turo su karatu hannun 'yan uwa. A lokacin ba mu da ofishin hulɗa da jama'a. Lambar da ke jikin allon tallar ɗaukar ɗalibai tawa ce, saboda haka duk wanda ya nemi kwalejin ni yake samu.

Watan Yuni ne na 2024. Kafin Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar Lahadi 16 ga wata, gwamnatin jihar Legas ta riga ta sanar da ɓarkewar kwalara. Kwamishinan lafiya, Farfesa Akin Abayomi, ya ba da adadin mutum 350 da ake zargin sun kamu da mutum 15 da suka rasu a tsakiyar watan, kuma abin ya fi ƙamari a Tsibirin Legas. Bayan Sallah da 'yan kwanaki mai ba gwamna shawara kan kiwon lafiya ta shaida wa jarida cewa a yankin Eti-Osa an gano da yawa daga cikin marasa lafiyar sun sha wani kunun aya marar rajista. Maganar ta karaɗe gari. Ruwan sama kuma kullum, kwatoci sun cika sun tumbatsa. A cikin wannan yanayi ne ɗalibai mata a ɗakunan kwananmu suka fara amai da gudawa ranar Litinin da dare. Kafin gari ya waye sun kai 9. Biyu jikinsu ya yi tsanani, muka miƙa su babban asibiti.

Abu ɗaya muka yi daidai tun farko, kuma yabon na ma'aikaciyar jinyarmu ne. Da sassafe ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin kwalara na cikin cututtukan da wajibi ne a kai rahotonsu nan take ko da zargi ne. Daga baya wannan kiran ya tsaya mana, don babu wanda ya iya cewa mun ɓoye wa hukuma. Amma jama'a kam mun ɓoye musu, na tsawon yini guda da rabi.

Kiran farko

Tambayoyin 'yar jaridar 3 ne. Ɗalibai nawa suka mutu? Kwalara ce? Me ya sa kuka rufe get? Na ce mata babu wanda ya mutu, ba a tabbatar da ko mece ce cutar ba, get kuma an rufe ne don rage shige da fice. Da na tsaya nan da ban yi laifi ba. Sai ta sassauta murya ta ce, a ganinka daga ina abin ya fito? Ga yarinya na nishi a gabana, ga labarin Eti-Osa a kaina tun daren jiya, ga kuma wani abu da sai daga baya na yarda da shi a raina, wato ina son laifin ya kasance a wajen katangarmu. Na ce mata, tsakanina da ke, muna zargin kunun ayar da ake sayarwa a bakin get.

Ƙarfe 3 na rana labarin ya fito. Kanunsa ya haɗa sunan kwalejin da kwalara da kunun aya. A ciki an ce wani babban jami'in makarantar da ya nemi a sakaya sunansa ne ya bayyana haka.

Na yi fushi da ita a ranar, amma da na nutsu na ga ba ta yi mini ƙarya ba. Ta gabatar da kanta da sunan kafarta tun a gaisuwa, kuma daga wannan lokaci duk abin da ka faɗa na bugawa ne, sai in kun yi yarjejeniya kafin ka buɗe baki, ta kuma amsa da bakinta cewa ta yarda. Ni na jefa "tsakanina da ke" na zarce, ban jira amsarta ba. Kuma ita kanta yarjejeniyar iri-iri ce. Akwai "buga maganar, kada ki ambaci sunana", akwai "kada ki buga ko kaɗan, don ki fahimta ne kawai". Ita ta ɗauki ta farko, ni ina nufin ta biyu. Babban laifin ma ya wuce wannan: "muna zargin" da na ce, babu wasu "mu". Ba a zauna ba, ba a gwada komai ba. Zato ne na mutum ɗaya mai gajiya, muƙamina ya sa masa riga ya fita a matsayin matsayar makaranta. Magana zarar bunu ce.

Mai kunun dattijuwa ce da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki. Tun kafin a ɗauke ni aiki take zama a gindin katangar nan da kula mai ruwan bula, da kwanon ƙanƙara, da gorunan roba da take wankewa ta sake zubawa. Kafin la'asar wasu samari suka kife mata tebur, kunun ya malale cikin kwata. Washegari jami'an tsabtace muhalli suka ɗauke kular. A ƙarƙashin labarin, masu sharhi sun bar maganar ruwa da tsabta sun koma kan "aboki" da abin da yake sayarwa. Duk Bahaushen da ya tashi a Ikko ya san yadda kalmar nan mai daɗi a bakinmu take zama zagi a bakin wasu. Ni da na sha jin ta tun ina firamare, ni na buɗe wannan ƙofa.

Yinin shiru

Bayan fitowar labarin shugaban kwaleji ya kira taro. Mai makarantar ya ce lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ne, duk maganar da aka ƙara talla ce ga bala'i, a yi shiru zai wuce. Lauya ya ce duk kalmar da ta yi kama da amsa laifi za a iya karanto ta a kotu. Ma'aikaciyar jinya ta ce iyaye na kiran wayarta suna kuka. Ni ban ce komai ba, don kowa a ɗakin ya san waye "babban jami'in". Aka yanke cewa kowa ya kama bakinsa, lauya zai rubuta sanarwa.

Ba na raina tsoron mai makarantar ko na lauya. Albashin mutane da yawa na rataye da sunan makarantar nan, kuma gaskiya ne ana iya kama mutum da kalmarsa. Kuskurensu shi ne zaton cewa in mun yi shiru fili zai zauna babu kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun daren Litinin wata ɗaliba da ta tsorata ta aika wa yayarta saƙon murya da Hausa. Daga waya zuwa waya saƙon ya haifi wani, na wani namiji da ba mu taɓa gano ko waye ba, yana rantsuwa cewa 'yan mata 3 sun rasu an fitar da gawarwakinsu da dare. Zuwa safiyar Laraba saƙon ya shiga zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar Mile 12, ya haura Kano da Funtuwa da Sakkwato. Iyaye mata suka taru a bakin get. Da motar wani gidan talabijin ta iso, mutum ɗaya tilo da ya rage yana magana da yawun kwalejin shi ne maigadinmu, dattijo mai biyayya, wanda ya ɗaga tafin hannu ya rufe idon kyamara yana cewa an hana su magana. Wannan hoton aka nuna da dare. Duk wanda ya kalli hannun nan ya gama yanke hukunci cewa akwai gawa a ciki.

Sanarwar lauya ta fito ranar Laraba da hantsi, sakin layi 4 da Turanci mai nauyi. Ta ce hukumar makaranta na sane da wasu rahotanni, lafiyar ɗalibai ce a gabanta, kuma an shawo kan lamarin. Ba ta ce ko mutum nawa suka kwanta ba. Ba ta ce babu wanda ya mutu ba, abin da shi kaɗai kowa ke son ji. An aika ta ga jaridun Turanci na Legas, alhali gobarar da Hausa take ci, a wayoyin mutanen da ba za su taɓa buɗe waɗannan jaridu ba. A nan, a ganina, zuciyar lamarin take. Mun ɗauki 'yan jarida a matsayin wata barazana da za a kare kai daga gare ta, muka manta cewa tambayar da ke bakinsu ta wata uwa ce da ke zaune a tabarma a Funtuwa, wayarta a cinya, kuma amsar da ba ta isa gare ta da harshen da take ji ba daidai take da ba a ba da ita ba.

Abin da ya juya al'amarin kira biyu ne a jere. Na farko wani uba ne, muryarsa na rawa, ƙarar injin mota a bayansa. Ya ce, "Malam, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ina tasha, zan hau motar dare. In ta rasu ne ka faɗa mini, ni Musulmi ne, zan ɗauka." Na shiga ɗakin kwana na miƙa wa 'yarsa wayar, ko ciwon kai ba ta yi. Na biyu wakilin wani gidan rediyo ne na Hausa, babban mutum da ya girme ni. Ya ce, "Malam, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Iyaye ke kirana. Ƙarfe 5 zan aika rahoto, da muryarka ko babu. In babu, muryar wancan mai rantsuwar ce kaɗai a kunnen mutane."

Na tafi ofishin shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɓata, kuma na san ba ni da bakin magana. Amma a ba ni dama in gyara, ko a ba wani. Shirun nan ya fi maganata ta jiya ɓarna." Ya daɗe yana kallon taga. Ya kira mai makarantar, suka yi ta ja-in-ja ina tsaye. A ƙarshe aka amince bisa sharaɗi biyu: lauya zai ga abin da za a faɗa, kuma ba za a ambaci musabbabin cutar ba. Sharaɗi na biyun ni ma shi nake so.

Takarda ɗaya

Awa 2 gare mu. Ni da ma'aikaciyar jinya muka zauna da rajistar ɗakin shan magani muka ƙirga suna bayan suna, ta kira asibiti ta ji halin da biyun nan ke ciki. Muka ɗauki farar takarda ɗaya. A sama muka rubuta abin da muka sani tabbas: zuwa ƙarfe 4 na yammacin Laraba ɗalibai 13 sun kwanta, an sallami 8, 3 na ɗakin shan magani, 2 na asibiti suna samun sauƙi, babu wanda ya rasu, an sanar da hukumar lafiya tun safiyar Talata, an ɗebi samfurin bayan gida da na ruwa, an daina amfani da ruwan famfon ɗakunan kwana. Sa lokaci a jikin adadi dabara ce da ita ta koya mini, domin adadin marasa lafiya motsi yake, in ka ce 13 kawai gobe ya zama 15 sai a ce ka yi ƙarya.

A tsakiya muka rubuta abin da muke jira: tabbacin ko kwalara ce, da kuma tushenta. Gwajin gaggawa yana nuna alama, amma tabbatarwa sai an reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke ɗaukar kwanaki. A ƙasa muka rubuta abin da ba za mu faɗa ba ko an matsa, tare da dalili. Sunayen yara da garuruwansu da hotunansu ba namu ba ne da za mu bayar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ko babu doka, budurwar da aka nuna a gadon gudawa za ta daɗe tana jin abin a unguwarsu. Na lura ɗan jarida yana karɓar "ba zan faɗa ba saboda kaza" da mutunci. Abin da ke tunzura shi "ba ni da ta cewa".

Sannan ma'aikaciyar jinyar ta mai da kanta kamar 'yar jarida ta yi ta jifana da tambayoyi marasa daɗi har na daina in'ina. Ana cikin haka ma'aji ya shigo da ambulan 6, wai kuɗin motar 'yan jarida. Al'ada ce da ta yi kaka-gida, kuma na san akwai wakilan da kan yi watanni ba albashi. Duk da haka na roƙe shi ya mayar. A ranar da ake zarginka da ɓoye gawa, ambulan shaida ce a kanka, kuma cin fuska ne ga wanda ya zo aikinsa tsakani da Allah. Ruwan gora da kujeru muka ajiye. Muka kira duk wanda ya taɓa nemanmu, har da wadda ta buga labarin farko, muka ba su lokaci ɗaya a gaban ɗakin karatu, nesa da marasa lafiya. Na ajiye wayata a tebur tana naɗar komai, na kuma faɗa musu ina naɗa.

Na talabijin ya yi mini tambayoyi na kusan minti 12, daƙiƙa 20 aka nuna. Ya ce, za ka iya ba da tabbacin babu ɗalibin da zai mutu? Na ce rai a hannun Allah yake, abin da zan tabbatar shi ne zuwa yanzu babu wanda ya rasu, ga kuma matakan da aka ɗauka. Ya ce, wato kana cewa gwamnati ce ta gaza? Na ƙi maimaita kalmarsa, domin "ban ce gwamnati ta gaza ba" ma in an yanke ta za ta iya zama kanu. Na ce jami'an lafiya sun zo a ranar da muka kira su. Da ya yi shiru yana kallona, ni ma na yi shiru. Irin wannan shirun ne ya ja ni rami ranar Talata.

Hirar Hausa ta fi wuya, ta kuma fi amfani. Muka zauna a benci a inuwar katanga, dattijon wakilin rediyon ya ɗora 'yar rikodarsa a gwiwa, ya tsuke bakin makirufo da soso saboda iska. Nan na gane zaɓen kalma rabin aikin ne. In na ce "annoba", na tayar da hankalin gari. In na ce "ɗan ciwon ciki", na yi ƙarya, na kuma sa wata uwa ta yi sakaci da ɗanta. Na ce amai da gudawa ne masu tsanani, ana zargin kwalara, ba a tabbatar ba tukuna, na maimaita "ba a tabbatar ba" sau biyu domin na ga yadda wannan gaɓa ke faɗuwa a hanya in labari ya tashi daga Turanci zuwa Hausa. Na yi amfani da damar na faɗi abin da zai amfani mai sauraro ko ba ɗansa a wurinmu: cutar ta ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata take shiga, tana iya bayyana daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 5, abin da ke kisa ƙarewar ruwan jiki ne, a fara ba marar lafiya ruwan gishiri da sukari nan take, cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta in ba a samu na leda ba, a kuma garzaya asibiti.

Sai ya dube ni ya ce, "To Malam, maganar kunun aya fa? An ce daga cikinku ta fito."

Wannan tambaya ba ta cikin takardar. Lauya yana tsaye a gefe. Na ce, "Daga bakina ta fito. Zato ne na yi, ba ni da hujja, kuma bai kamata in faɗa ba. Babu gwajin da ya nuna kunun baiwar Allah nan ne. Ina roƙon jama'a su ƙyale ta, ina kuma neman afuwarta." Lauya ya yi mini faɗa daga baya. Har yau ina ganin da na kauce a wurin nan, da duk sauran abin da na faɗa ya zube, domin dattijon ya riga ya san amsar kafin ya tambaya.

Da dare muka yi namu saƙon muryar, minti 2, da Hausa da Yarabanci da Turanci. Na fara da sunana da muƙamina da rana da lokaci, don kada a dawo da shi bayan wata uku a matsayin sabo. Muka tura wa iyaye, da limaman unguwannin da ɗalibanmu suka fito, da fadar Sarkin Hausawan yankin, da shugabannin tashar motocin Arewa. Muka bar 'yan mata su kira gida ta bidiyo. Kafin azahar ta Alhamis taron bakin get ya watse. Legas na da kafofin Hausa a kusa, sashen Hausa na Rediyon Faransa ma a nan yake tun 2007, amma a littafin lambobin ofishinmu babu lambar ɗan jaridar Hausa ko ɗaya kafin wannan mako.

Ruwan namu ne

Sakamako ya zo a farkon mako na gaba. An tabbatar da kwalara a jikin biyun da ke asibiti. Gurɓatar kuma a cikin gidanmu take: tankin ruwa na ƙasa da ke bayan ɗakunan kwana ya tsage, sokawen da ke kusa da shi ya cika da ruwan sama ya tsiyaya ciki. Da yawa daga waɗanda suka kwanta ba su ma taɓa shan kunun Inna ba.

Aka sake zama, aka sake ja-in-ja, wannan karon ya fi zafi domin laifin namu ne ƙarara. Mai makarantar ya ce hankali ya kwanta, me zai sa a tono? Hujjata ita ce mun yi alkawari a gaban makirufo cewa za mu dawo da sakamako, kuma takardar na hannun hukumar lafiya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takarda daga hukumar gwamnati, a kuma amsa masa cikin kwana 7. Ko ba ta wannan hanya ba, takardar da ta bi ta hannu biyar ba ta ɓoyuwa. Gara su ji daga bakinmu tare da abin da muka yi a kai. Shugaba da kansa ya karanta sanarwar: ga abin da aka gano, an rufe tankin, an kafa sabo a sama, an sa sinadarin kulorin, makaranta ta biya kuɗin asibiti, za a riƙa gwada ruwa kowane zango. Ya ce laifinmu ne. Labarin ya yi zafi kwana biyu ya huce. Iyaye 4 sun cire 'ya'yansu, ban kuma ga laifinsu ba.

Na kira 'yar jaridar farko don neman gyara. Ban yi barazanar kotu ba, ban tsallake ta zuwa ga edita ba. Na tura mata takardar sakamakon, na nuna mata jumlar da ke buƙatar gyara da abin da ya kamata ya maye gurbinta. Ta yi maganar da editanta, suka sauya kanun, suka ƙara sakin layi biyu a ƙasa. Ta yi adalci iya ikonta. Sai dai hoton tsohon kanun ya riga ya shiga wayoyi, shi kuma babu editan da ke da iko da shi.

Yanzu muna da layin waya na musamman da mutum 3 da aka yarje wa magana, kowanne da harshen da ya fi ƙwarewa a kai. Duk wanda ɗan jarida ya kira ya san abin da zai ce: sunanka, kafarka, me kake son sani, ƙarfe nawa za ka rufe, za a kira ka kafin lokacin. Kuma ana kira. Maigadi na da kati a aljihu mai ɗauke da lambar, an kuma gaya masa ya ba baƙo kujera, kada ya taɓa kyamarar kowa.

Ranar Asabar bayan sanarwar na je gidan Inna tare da limamin unguwarsu. Ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya kusa da layin dogo, buhun aya rabi jingine a bayan ƙofa ya fara tsiro saboda danshi. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata ni ne na yi maganar, na ajiye kuɗin kula da na jarin da makaranta ta bayar, na ce wurinta na nan. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ɗan nan, na ji ka a rediyo. Na yafe maka duniya da lahira. Amma yaran nan da suke ce mini Inna, ranar nan ta gefena suka riƙa wucewa suna toshe hanci. Ba zan iya komawa in zauna a gabansu ba."

Ba ta koma ba. Yanzu a ƙofar masallacin unguwarsu take ajiye kularta daga azahar zuwa magariba, cinikin bai kai rabin na da ba. A gindin katangarmu, inda teburinta yake, wani mai cajin waya ne ya kafa lema.